Idan Waya Ta Tafi, Da Me Ta Tafi?

Duk wanda ya saba hawa Keke Napep daga Yolde Pate zuwa Jimeta ya san wata ɗabi'a da mutanen Yola suka koya ba tare da wani ya zaunar da su ya karantar da su ba. Mace za ta gama magana a bakin titi, ta jefa wayar can ƙasan jaka, ta ja zif, ta rungume jakar a cikin hijabi, sannan ta tsayar da keke. Kafin ta sa ƙafa sai ta leƙa ta ga su wa ke ciki. Idan samari biyu ne a baya, wani kuma a gaba kusa da direba, sau da yawa takan ce a wuce, ta jira na bayansa. Magidanci kuwa yakan ɗauke wayar daga aljihun gefe ya mayar na ciki, idan kira ya shigo a hanya ya ƙyale ta ta yi ta ruri har a sauka.

'Yan Shila ne suka koya wa garin haka. Gungun matasa ne da suka addabi Jimeta da Yola shekara da shekaru, ɗauke da wuƙaƙe da adduna, kuma wayar salula ce babban abin nemansu. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni keke ya zama abin hawan kowa, su ma suka mayar da shi kayan aiki. Ko dai su ɗauki fasinja a matsayin abokan tafiya, sai an kai inda ba jama'a su zaro wuƙa, ko su wuce a guje su fizge wayar wanda ke tafe a gefen titi yana latse-latse. Da Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya hau mulki a 2019, yaƙi da su na cikin abubuwan da ya fara sa wa a gaba, aka yi ta kame. Har yanzu kuma rundunar 'yan sandan jihar, ta bakin kakakinta Suleiman Yahaya Nguroje, ba ta daɗewa ba ta sanar da kama wasu ba. Abin yakan lafa, ya sake tashi. Wani lokaci fushin jama'a kan wuce gona da iri, a rufar wa wanda ake zargi a kashe shi a kan titi kafin hukuma ta iso, alhali wannan ma babban laifi ne, kuma ba ya maido wa kowa kuɗin da aka riga aka kwashe masa. Kano ma ta ɗanɗana nata: a 2023 ƙwacen waya ya kai inda hukumomin jihar suka ce za su riƙa ɗaukar masu yin sa a matsayin 'yan fashi da makami.

Sai dai idan aka ƙwace wa mutum waya, masu jaje kan fara da tambaya ɗaya: "Wace iri ce? Nawa ka saye ta?" Ba kasafai wani ke tambaya ko layin da ke ciki shi ne wanda banki ya sani ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Tecno ko Infinix ko itel asara ce mai ciwo, amma an san iyakarta. Ɗan katin sim ɗin nan da ke maƙale a gefenta kuwa, rasa shi na iya cinye jarin shekara goma a dare ɗaya.

Ba a daɗe da kaiwa ga haka ba. A watan Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, lokacin da layi kaɗai yakan ci naira dubu 20 ko fiye, mai waya kuma abin kallo ne a unguwa. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa saboda rikicin Boko Haram, aka katse layukan sadarwa, ba a maido da na Adamawa ba sai a Yuli. Waɗanda suka ga lokacin suna tuna yadda aka koma ba direbobi saƙo a tasha. Duk da haka, magana kawai aka rasa, kuɗin mutane na nan a aljihunsu da cikin banki. Da a yau aka yi irin wannan katsewa, da kasuwar Jimeta ta tsaya cak.

Abin da ya sauya shi ne banki ya tare a cikin layi. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba 11 da ke tattara duk asusun mutum wuri guda, aka ɗaure ta da lambar wayarsa. Bankuna suka yawaita gajerun lambobin tura kuɗi: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith, waɗanda ke aiki ko a ƙaramar waya mai tocila, ba sai da data ba. A Disambar 2020 gwamnati ta ce sai an haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumbar 2024. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa aikin. Da takardun naira suka yi ɓatan dabo, mahauci da mai kayan miya da mai kifi a bakin Binuwai duk suka buɗe OPay ko PalmPay ko Moniepoint. A OPay da PalmPay ma, lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, sifirin farko kawai ake cirewa.

Don haka ɓarawon da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci da makullin fuskar waya, zane ne ko ɗan yatsa. Sim yake zarewa ya sa a wata ƙaramar waya, daga nan duk kira da duk saƙo sun koma hannunsa. Yana latsa *565*0# sai BVN ɗin mai layin ta fito masa. Sai ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wanda ya amsa, idan ma wani alat bai shigo ya sanar da shi sunan bankin da abin da ya rage a ciki ba. A wasu bankuna, sayen kati zuwa layin mai asusu ba ya buƙatar lambar sirri, saboda haka yana iya loda katin dubbai ya sayar. Idan kuma ya yi sa'a mai wayar na cikin masu cusa katin ATM a bayan rigar waya, to an ba shi komai a haɗe, domin da lambobin jikin katin ake sauya lambar sirrin tura kuɗi. Sau da yawa ba sai an sauya ba: shekarar haihuwa ce, ko 1234, ko kuma an adana ta a cikin sunayen waya da sunan "Banki". Bayan an share asusu sai a ci bashi da sunan mai layin a manhajojin ba da rance, sannan a bi 'yan uwansa da saƙo cewa yana asibiti a taimaka. Waɗanda 'yan sanda suka sha gabatarwa ga manema labarai a sassan ƙasar nan sun bayyana wannan hanya da bakinsu.

Maganin mafi yawan wannan na cikin wayar, kyauta, amma 'yan kaɗan ne suka san da shi. Sim yana da nasa makullin daban da na waya. A sashen tsaro na saitin kowace waya, babba ko ƙarama, akwai inda ake sa masa lambar sirri, ta yadda duk sanda aka kashe wayar aka kunna, ko aka zare shi aka sa a wata, ba zai kama sabis ba sai an sa lambar. Wanda ya kulle fuskar wayarsa ya bar sim a buɗe kamar wanda ya garƙame ƙofar zaure ne ya bar ta bayan gida a wangale. Akwai abin lura guda: kowane sim yana zuwa da lambar farko ta kamfani, ita ake fara sawa kafin a sauya, kuma idan aka yi kuskure sau 3 sai ya kulle ya nemi wata lamba da ake kira PUK, wadda ke jikin babban katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Ita ma idan aka yi kuskurenta sau 10, sim ya mutu ke nan. Saboda haka ba wurin canki-canka ba ne. A kira 300, lambar da duk kamfanonin ke amsa abokan hulɗa da ita yanzu, ko a je ofishinsu a tambaya.

Wasu 'yan kasuwa sun ƙara da wata dabara: layin banki yana cikin ƙaramar waya a gida ko a aljihun ciki, babbar wayar da ake fitowa da ita a yi WhatsApp da kallon TikTok kuma wani layi ne a cikinta da banki bai san shi ba.

Idan ƙaddara ta riga ta faɗa, sa'ar farko ta fi sauran kwanakin duka muhimmanci, kuma yawanci ita ce ake ɓatarwa wajen kiran lambar da aka sace ana roƙon ɓarawo. Banki ake fara rufewa. Manyan bankuna suna da lambar toshe asusu da ake latsawa daga wayar kowa, ko ta maƙwabci ko ta direban keken da ya tsaya taimako. A da yawansu lambar bankin ce a ƙara 911, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith, amma ya kamata kowa ya tambayi bankinsa tasa tun yana cikin kwanciyar hankali, ya rubuta a takarda, domin wanda aka ɗora wa wuƙa minti biyar da suka wuce ba ya tuna komai. Daga nan sai a sa kamfanin layi ya rufe layin, a je ofishinsu da NIN a yi abin da kowa ke kira walkam-bak, a karɓi sabon sim mai tsohuwar lamba. Da zarar ya fara aiki, na hannun ɓarawo ya zama banza. Sai rahoto ga 'yan sanda, kuma a nan za a nemi lambar IMEI, lamba 15 da ke bambanta kowace waya da 'yar uwarta. Tana jikin kwalin wayar, tana kuma fitowa idan aka latsa *#06#.

Wayoyin Android suna da hanyar da Google ya tanada ta gano inda waya take, a kulle ta ko a goge abin da ke ciki daga nesa. Inda ake samun cikas shi ne sai da adireshin Gmail da kalmar sirrinsa, kuma mutane da yawa yaron shagon da suka sayi wayar ne ya buɗe musu, bai faɗa musu kalmar ba, su ma ba su tambaya ba. Ko da taswira ta nuna wayar tana wani lungu a Jimeta, aikin 'yan sanda ne su je. Haka ma a lokacin ƙwacen, mai wuƙa a hannu ba a kokawa da shi a kan waya. An rasa rayuka a Yola ta haka.

Wayar da aka ƙwace ba ta zama a hannun ɓarawo, kasuwa take komawa, kuma muddin akwai mai saye ba za a rasa mai fizge ba. A wuraren da aka san su da harkar waya, irin su Shopping Complex na Jimeta ko Farm Centre a Kano, akwai 'yan kasuwa na gaskiya da ke sayar da wayar kwance su ba da rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar IMEI. Wadda ake jin tsoro ita ce wadda wani yaro ya zaro daga aljihu a bakin tasha da magariba, ba kwali, ba rasit, a rabin kuɗinta, yana cewa sauri yake yi mahaifiyarsa ba lafiya. Araha ba ta ado. Idan jami'ai suka bi sawun IMEI, wanda suka tarar da wayar a hannunsa shi suke fara kamawa, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a dokar ƙasa. Mutanen Yolde Pate ba sa buƙatar a kwatanta musu inda irin wannan ciniki kan kai mutum, domin akwai gidan gyaran hali a unguwarsu.

Duk da haka, ɗan Shila ƙaramin alhaki ne idan aka gwada shi da ɓarawon da ba a gani. Wannan ba ya hawa keke, kira yake yi, da ladabi da sanyin murya. "Salamu alaikum, Alhaji, daga bankinka ake magana. An samu matsala a BVN ɗinka, yau za a rufe asusun in ba a gyara ba. Ranka ya daɗe ba sai ka wahala ka zo ba, za mu gyara daga nan. Wasu lambobi za su shigo maka yanzu, ka karanto mini." Yakan faɗi cikakken sunan Alhajin, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, don hankalinsa ya kwanta. Lambobin da za su shigo kuwa su ne makullin ƙarshe da banki ke turawa don tabbatar da cewa mai asusu ne da kansa ke son fitar da kuɗi. Babu bankin da ke kiran mutum ya nemi wannan lamba, ko lambar sirrinsa, ko lambobin jikin katinsa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba shi da abin da zai yi da su.

A nan akwai laifin da ba na Alhaji ba. Saƙon da ke ɗauke da lambar yakan ƙare da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci. Ɗan damfara kuwa da Hausa yake magana, idan ya ji harshen mutum ya karkata sai ya juye zuwa Fulatanci. A garin da dubban masu asusu ba sa karanta Turanci, bankunan da suka iya tallata kansu da Hausa a rediyo ba su da uzurin barin gargaɗi mafi muhimmanci cikin harshen da ba a ji.

Da irin wannan salo ake sace WhatsApp. Wani zai kira ya ce shi ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, ko ta masallaci ko coci, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo lambar shiga, a karanto masa don ya sa suna. Lamba 6 ce, kuma ita ce WhatsApp ke turawa idan ana son ɗauke shafin mutum zuwa wata wayar. Cikin minti kaɗan abokai da dangi za su fara samun saƙo: "Don Allah ranta mini dubu 50, manhajar bankina ta ƙi aiki, gobe zan maido." WhatsApp yana da makulli na biyu a sashen asusu, inda mutum ke zaɓar wata lamba 6 ta kansa da ba a turo ta ta saƙo, kuma da ita ko an karɓi ta farkon ba za a shiga nan take ba. Wanda aka nemi rance a wurinsa ta rubutu kuwa, kira ɗaya ya ji muryar mai neman ya isa ya warware zancen.

Sauran tarkunan duk dangin juna ne. Akwai saƙonnin da ke yawo a zaurukan WhatsApp na tallafin gwamnati, da ɗaukar ma'aikata, da data kyauta, da kujerar Makka, kowanne da wurin latsawa a cike suna da BVN, a kuma tura wa mutum goma. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, kuma aikin gwamnati ba a biyan kuɗin fom ɗinsa cikin asusun wani mutum. Akwai alat na bogi, wanda ya fi cin 'yan kasuwa: saƙo ya shigo kamar daga banki, mai kaya ya ɗora buhun shinkafa a keke, sai da yamma ya duba ya ga ko kwabo bai shiga ba. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ne, abin da asusun mai kaya ya nuna shi ne shaida. Akwai masu ninka kuɗi. MMM ta durƙushe a Disambar 2016 da dukiyar jama'a, aka ce an yi hankali, sai ga CBEX da alƙawarin ninka jari cikin kwana 30, ita ma ta rufe a Afrilun 2025, EFCC ta shiga bincike bayan aikin gama ya gama. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Sai manhajojin rance da ke neman izinin leƙa lambobin waya da hotuna kafin su ba da naira dubu 10, idan aka yi jinkirin biya su aika wa surukai da abokan aiki cewa wane ɓarawo ne. Cin mutuncin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta wajabta musu rajista a 2022, Google ma ya hana su leƙa lambobi da hotuna a 2023, amma waɗanda ake turowa ta WhatsApp a sauke kai tsaye ba ruwansu da wannan doka.

Haɗa layi da NIN ya zo da wani nauyi da ba kowa ya lura da shi ba. Duk abin da aka aikata da layi, sunan wanda ya yi rajistarsa ne zai fito. Wanda ya ara wa wani NIN ɗinsa don a buɗe layi, ko ya sayar da ita a kan 'yan kuɗi kaɗan, idan masu garkuwa da mutane suka nemi kuɗin fansa da wannan layi, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Haka kuma layi ba gado ba ne da zai zauna yana jira. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba ana dakatar da shi, bayan wasu wata 6 kamfani na iya sayar wa wani. Wanda ya tafi Kamaru ko Saudiyya ya daɗe, ko iyalin mamacin da suka jefa wayarsa a akwati ba su sanar da banki ba, wata rana alat ɗin asusun zai riƙa shiga wayar baƙo.

Rashin wuta ma ya buɗe tasa ƙofar. A 2024, da aka lalata turakun babban layin lantarkin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, Yola ta yi makonni cikin duhu, shagunan caji suka cika maƙil. Ko a ranakun da kamfanin lantarki na YEDC ya kawo wuta, mai caji ba ya rasa ciniki. Wayar da za ta yini a teburinsa tare da wasu hamsin gara a kashe ta, a karɓi lambar shaida, in da hali a tafi da sim. Wajen mai gyara abin ya fi haka, domin shi sau da yawa yakan nemi a buɗe masa ita. Mafi yawansu neman halal suke yi, amma ɗaya ya isa ya tarwatsa gida. An sha ganin hoto ko bidiyon da mace ta ɗauka don kanta ko don mijinta ya fita ta hannun mai gyara, ko tsohon saurayi, ko wanda ya sayi wayar da ba a wanke ta sarai ba, aure ya mutu, yarinya ta daina fita. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ba wanda ake yi wa barazana da irin wannan damar kai ƙara, kuma biyan mai barazana ba ya sa ya daina, ƙari yake nema. Masu cewa "turo mini in gani" su ma ba 'yan kallo ba ne, da hannunsu abin ke yaɗuwa.

Ta fuskar lafiyar jiki, abin da ake tsoro da abin da ke kisa sun sha bamban. A 2011 jita-jita ta game ƙasar nan cewa akwai wata lamba, 09141, da duk wanda ya amsa kiranta zai mutu, har sai da NCC ta fito ta ce hakan ba zai yiwu ba. Zancen ciwon dajin ƙwaƙwalwa ma an daɗe ana yi, amma babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa tsakaninsa da amfani da waya ba. Batir ne ya fi cancantar a sa wa ido. Ba ya shiri da zafi, Yola kuwa a Maris da Afrilu takan haura maki 40. Wayar da aka bari a gaban mota cikin rana, ko aka jona aka tura ƙarƙashin matashin kai aka kwana, tana iya kamawa da wuta. Ko babban kamfani irin Samsung sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda haka, balle batir da caja marasa suna da ake sayarwa a faranti. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya ya gama aiki, ba a danna shi, ba a huda shi. Da damina kuma, wayar da ke hannu ba ta jawo tsawa, amma wadda ke jone da wutar gida tana iya isar da ita. Bayan ambaliyar da ta afka wa Yola ta Kudu a ƙarshen Yulin 2025, wadda ta ci rayuka ta kuma shafi Yolde Pate da Shagari da Sabon Pegi, wayoyi da dama sun sha ruwa. Irin wannan waya kashe ta ake yi a bar ta ta bushe a inda iska ke shiga, ba a jona ta a caji don a gwada ko tana da rai.

Titi ya fi duk waɗannan cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari da kusan ninki 4, kuma sa abin ji a kunne bai rage wani abin kirki ba, domin hankali ne ke tafiya. Laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC ke cin tara a kansa. Amma wanda ya tsaya a bakin gadar Jimeta ko kan hanyar Numan na ɗan lokaci zai ga direban keke da fasinja huɗu, hannu ɗaya a kan kambu, ɗaya yana duba ko kuɗin wanda ya sauka sun shigo, tirela na biye da shi. Fasinja na da ikon cewa, "Malam, tsaya ka gama tukuna."

Ƙananan sata ma suna da wurin kai kuka. Wanda ake zaftare wa kati da sunan waƙar kira ko wasu saƙonnin da bai nema ba zai iya tura STOP zuwa 2442, idan kamfani ya ƙi sauraronsa ya kira NCC kyauta a 622. Wanda banki ya yi mako 2 bai warware masa ƙorafi ba yana da damar kai shi sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Waɗanda duk wannan bayani bai kai gare su ba su ne tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba, kuma su ne suka fi yawa a layin mai POS ranar da fansho ko kuɗin tallafi ya shigo. Dattijo zai miƙa kati, yaro ya ce, "Baba, faɗi lambar," shi kuma ya faɗa da ƙarfi mutum shida na tsaye suna ji. A wannan hali ne ake musanya wa mutum katinsa da wani mai kama da shi, bai sani ba sai an kwashe. Gidajen da suka gane haka sukan haɗa tsohon da ɗa ko jika guda da aka amince da shi ya raka shi, su je banki a rage yawan kuɗin da za a iya fitarwa a rana, su koya masa latsa lambobi huɗun da kansa yana kare su da tafin hannu, ya kuma duba sunansa ko wata alama da aka yi wa katin kafin ya mayar aljihu. Mai POS na kirki yakan miƙo na'urar ya kau da kai. Wanda ya nace sai an faɗa masa lambar, a Yolde Pate ko a tashar Jambutu, ba a rasa wata lemar POS ɗin 'yan taku kaɗan daga tasa.